Garin da ba shi da injiniya ko ɗaya

Jiya da daddare na leƙa taron hukumar ɗan garinmu a nan jihar Bamont ta Amurka, kai jama'a, mutum biyar ne a teburi, ɗaya mai kiwon shanun madara, ɗaya tsohuwar malamar makaranta, duk aikin sa kai suke yi, amma su ne fa masu yanke hukunci kan hanyoyi da gadoji da kwalbatocin garin gaba ɗaya. Injiniya kuwa ko ɗaya garin ba shi da shi, ina za su ga kuɗin albashinsa?

To sai ga wata matashiya ta shigo da kwamfutarta daga hukumar tsara yanki. Irin waɗannan hukumomi guda 11 ne a jihar, kowacce ta haɗa garuruwan da ke kewayenta, wadda ke kula da yankin Mompeliya, babban birnin jihar, garuruwa 23 ne a ƙarƙashinta, kowane gari na tura wakilinsa. Ba su da ikon tilasta wa kowa komai, shawara ce da taimako, su zana maka taswira, su ƙirga maka kwalbatoci ɗaya bayan ɗaya su rubuta wanne ya ruɓe wanne ya yi ƙanƙanta, su cika maka fom ɗin neman tallafi wanda wallahi in ka gan shi sai kanka ya yi ciwo.

Ni da farko na ɗauka aikin takarda ne kawai na ɓata lokaci, sai da ta yi lissafin kuɗin ambaliya na gyara zama. In ruwa ya yi ɓarna har gwamnatin tarayya ta ayyana bala'i, FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, na biyan kashi 75 cikin ɗari na gyaran hanyoyi da gadoji, jiha ta ƙara kashi 7.5, amma in gari ya shirya takardunsa irin su tsarin kare kai daga bala'i sai ta ba da 12.5, in kuma ya hana gini a bakin kogi ta kai 17.5. Ragowar daga aljihun 'yan gari zai fito, harajin gidajensu. Kuma ba tatsuniya ba ce, guguwar Irene a 2011 ta lalata hanyoyi sama da mil 500 a jihar, a Yulin 2023 kuma kogin Winuski ya shanye tsakiyar Mompeliya, babban birnin jihar ma kenan.

Wani dattijo a bayana yana ta guna-guni wai mutanen nan taro ya yi musu yawa, ni dai ban tanka ba don yana da ɗan gaskiya, ƙarfe tara ta wuce muna zaune. Amma an sa hannu a takardar da matashiyar ta kawo, kuma wata mai zuwa mutanen hukumarta za su zo su auna kwalbatin nan na bayan gidanmu da ganye ke toshewa duk kaka.