Tambayar da aka fara da ita yau

Yau da la'asar na shiga zaman tallafa wa masu neman aiki da ake yi ta manhajar Zoom, ina tsammanin za a fara da gyaran takardar neman aiki, sai malamar da ke jagoranci ta tambaya ko akwai wanda ya samu barci a daren jiya. Mu 14 ne, kowa ya yi shiru, har wani bawan Allah da ya rufe kyamararsa ya yi gyaran murya ya ce watansa 7 da rasa aiki, amma kullum yakan goge kaftaninsa, ya kafa hula, ya fita da sassafe, ya wuni a masallaci, domin kada mahaifiyarsa mai hawan jini ta gane.

Malamar ba ta yi gaggawar ba shi shawara ba, cewa kawai ta yi, "Malam, muna jin ka," kuma a ganina abin da ya dace ke nan. Ni ma tun da na gama bautar ƙasa nake amsa "Alhamdu lillahi" alhali zuciyata a cunkushe take. Har yanzu ina tunanin gobe ma zai goge kaftanin nan ya fita.