Gyaran da ba ya cikin kundin kowa

Yau Laraba na tarar da ofis cikin annashuwa, domin ƙorafin da ya dame mu tun farkon mako ya kau. Masu rajista a shafinmu sun daina ganin kuskuren 413, saƙon da ke cewa fayil ya yi girma da yawa, idan suka zo ɗora takardunsu, kuma Oga yana ta yabon ɗan bautar ƙasarmu, wanda ya zauna jiya bayan an tashi har ya gano bakin zaren. Yabon ya dace da shi. Nginx, manhajar da ke karɓar buƙatun masu shiga shafin, ba ya karɓar abin da ya haura megabayit 1 sai an faɗa masa, alhali hoton takardar haihuwa da aka ɗauka da wayar zamani yakan ninka haka sau da yawa.

Na tambaye shi yadda ya yi, ya juyo da kwamfutarsa yana murmushi ya nuna mini tarihin umarnin da ya buga. Ya ciro fayil ɗin saiti daga cikin kwantenarmu mai suna web, wato keɓaɓɓen akwatin da manhajar Docker ke gudanar da nginx a cikinsa, da umarnin kwafi docker cp web:/etc/nginx/conf.d/default.conf zuwa kwamfuta mai masauki, wato sabar da kwantenar ke kanta, ya ƙara layin client_max_body_size 20m da ke ɗaga iyakar zuwa megabayit 20, ya juya umarnin ya mayar da fayil ɗin mazauninsa, sannan ya sa nginx ya sake karanta saitinsa. Aiki tsaf, babu abin kushewa a cikinsa. Da na ce, "Ka shigar da shi cikin Git?" wato kundin da muke ajiye aikinmu da tarihin sauye-sauyensa, sai murmushin ya ɗan dusashe, ya ce, "Anti, ai yana aiki."

Wannan amsar ce ta cinye mini yini, ba don shi ya faɗe ta ba, sai don Oga ya maimaita ta da nasa bakin bayan azahar. Na same shi a ofishinsa, na ce, "Yallaɓai, gyaran jiya yana zaune ne a wurin da ba zai daɗe ba." Na buga docker diff web a gabansa, allon ya jero abubuwan da suka bambanta da ainihin imej ɗin, wato samfurin da aka gina kwantenar da shi, kowanne da harafi a gabansa: A ga abin da aka ƙara, C ga abin da aka sauya, D ga abin da aka goge. Ga fayil ɗinmu nan a tsakiya da C a gabansa. Na yi masa bayani cewa duk abin da ya fito a jerin nan yana kan shimfiɗa ta sama ce, wadda kwantena ke rubutu a kanta, kuma rayuwar wannan shimfiɗa a ɗaure take da rayuwar kwantenar. Idan aka tsayar da ita aka sake kunnawa, ko sabar ta mutu ta tashi, gyaran yana nan. Amma ranar da wani ya buga docker compose down, umarnin da ke rushe kwantena, ko aka jawo sabon imej aka sake gina kwantenar, to an wanke allo, rubutun ya bi ruwa, nginx kuma zai koma kan megabayit ɗinsa guda ba tare da ya sanar da kowa ba.

Ya saurara har na gama, sannan ya tambayi abin da nake so a yi. Na ce a ajiye fayil ɗin a kwamfuta mai masauki, a cikin kundin aikin, a ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin volumes a fayil ɗin compose, wanda ke tsara yadda ake gina kwantenoninmu, domin kwantenar ta riƙa karanta shi daga waje, a sa masa :ro don kada a iya sauya shi daga ciki. Ya ce, "Yin hakan zai taɓa kwantenar da ke aiki yanzu?" Na ce ƙwarai, domin ba a ƙara irin wannan haɗin ga kwantenar da aka riga aka gina, dole a rushe ta a gina sabuwa, amma abu ne na daƙiƙoƙi. Sai ya girgiza kai ya ce, "Malama, ana tsakiyar rajista. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A bar shi zuwa a rufe."

Ba zan ce ba shi da hujja ba. Shi ne zai amsa waya idan shafin ya tsaya, kuma ya sha ganin aikin daƙiƙoƙi ya koma na kwana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a halin yanzu sabar tamu tana gudana a kan saitin da bai dace da abin da ke rubuce a kundinmu ba, kuma masu sanin haka mu uku ne kacal, ɗaya daga cikinmu bautar ƙasarsa saura 'yan watanni. Wanda zai gaje shi zai buɗe Git ya ga komai daidai, ya sabunta imej da kyakkyawar niyya, washegari kuskuren 413 ya dawo, ya rasa dalili, domin babu wata shaida da ta rage cewa an taɓa yin gyara.

Ba na ƙin docker cp. Da la'asar ma shi ya fitar da ni, lokacin da kwantenar da ke haɗa rahoton dare ta mutu, docker exec, umarnin gudanar da abu a cikin kwantena, ya ƙi shiga tunda ba ya aiki sai da kwantena mai rai, shi kuwa docker cp bai damu ba, ya zaro mini fayil ɗin kurakuran daga matacciyar kwantena. A wajen fitarwa nake ganin amfaninsa. Docker ya fito a 2013, kuma har zuwa sigar 1.8 ta 2015 umarnin hanya ɗaya ya sani, daga kwantena zuwa waje; sai a lokacin aka buɗe hanyar shigarwa. Yau na riƙa tunanin cewa da ƙofar ta ci gaba da zama a rufe, da ɗan bautar ƙasa ya tilastu ya bi doguwar hanyar da ita ce daidai.

Kafin mu tashi na zauna da shi na nuna masa tarkunan da bai faɗa ba jiya don ya ci sa'a. Fayil ɗin da aka tura ciki yakan zama mallakin root, wato mai amfani mai cikakken iko, in ba a sa -a a umarnin ba, kuma abin bai cije shi ba ne saboda babban tsarin nginx da root yake gudana. Da manhajarmu ce, wadda ke aiki da mai amfani marar iko, da ta kasa rubutu a kansa. Na kuma nuna masa cewa idan ya kwafi folda zuwa wadda take akwai, za ta shige cikinta ta zauna a matsayin 'ya, sai in ya ƙare hanyar da /. sannan abin da ke ciki kaɗai zai zuba. Alamar tauraro ma, wadda ake zaɓar fayiloli da yawa a lokaci guda da ita, ba ta aiki a ɓangaren kwantena. Ya rubuta duka a littafinsa, ya ce zai gwada a tasa kwamfutar.

Na ciro fayil ɗin da aka gyara, na ajiye shi a wani reshe na Git tare da layin compose ɗin, na rubuta bayani a kai cewa kada kowa ya sake gina web kafin a haɗa wannan reshen. Na tura wa Oga saƙo ina roƙon ya ba ni minti goma ranar Lahadi da asuba, lokacin da babu mai rajista. Ya karanta, bai amsa ba tukuna, kuma sabunta imej na wata-wata yana kan jadawalin Juma'a.