Abin da na koya wajen rufe ƙunar yara da tantanin mabiyiya

A sashen ƙuna inda nake aikin jinya, lokacin hunturu ne gadaje ke cika da ƙananan yara, yawancinsu ruwan zafi ko kunu ne ya zubo musu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wankin ciwo na kullum, domin yaro yakan fara kuka tun ya hango tiren kayan aiki, uwarsa kuma ta juya baya tana hawaye.

Wannan ne ya sa muka koma ga tantanin da ke lulluɓe jariri a ciki, wanda muke karɓa bayan haihuwa ta tiyata da yardar mai jego, bayan an gwada jininta an tabbatar ba ta da ƙanjamau ko ciwon hanta. Mukan wanke shi da ruwan gishiri, mu adana shi cikin gilisirin a firji. Idan aka shimfiɗa shi a kan ƙunar da ba ta cinye fata duka ba, yana mannewa, ya rage zogi da zubar ruwan jiki, fata kuma ta tsiro a ƙarƙashinsa cikin kimanin mako 2. A Fortaleza ta ƙasar Brazil fatar kifin karfasa suke amfani da ita don wannan manufa. Akwai kuma na kamfani irin su Biobrane, amma tsada da sinadarin alade da ke cikinsa sukan sa iyaye su ja da baya.

Kuskuren da ba na mantawa shi ne na wata yarinya da aka kawo kwana 3 bayan ƙunar, an shafa mata ɗanyen ƙwai a gida. Na yi gaggawar rufe ciwon saboda tausayi, alhali bai gama tsabtacewa ba, sai mugunya ta taru a ƙarƙashin tantanin, zazzaɓi ya tashi, dole muka cire shi. Tun daga ranar nake duba zurfin ƙuna da kyau kafin komai, kuma duk wadda ta yi fari ko ta bushe kamar ƙirgi nakan kira likitan tiyata, domin sai dashen fata ne zai rufe ta. Yarinyar ma a ƙarshe daga cinyarta aka ɗebi fatar da aka dasa mata.