Ku daina ɗaure geji da ƙarfin tsiya in mai na yoyo

Ƙannena yaran gareji, wanga kuskure ni na tafka shi da hannuna, ba labari aka ba ni ba. Lokacin ina yaron gareji nan Sakkwato wani Alhaji ya kawo mota munka sa mata gejin firesha na mai, wato agogon da ke nuna ƙarfin turin fetur, a kan layin injekta, bututun da ke kai fetur ga masu fesa shi cikin injin. Da munka tada mota sai ga fetur na tsattsafowa daidai wurin tiredi, wato haƙoran nan da ake murɗa geji da su, ɗigo ɗaya ɗaya yana sauka bisa injin. Maigida ya tafi sallar la'asar, ni ko sai na ɗauko sifana na ƙara ɗaurewa, bai daina ba na ƙara, sai kawai na ji ƙas! Gidan alminiyom ɗin da ake murɗa geji a ciki ya tsage, ɗigo ya koma feshi har cikin idona, ga injin da zafi ga ranar watan Afrilu. Allah ne kaɗai ya tsare ba mu tashi da wuta ba.

Abin da ban sani ba lokacin, tiredin geji irin wanda ake kira 1/8 NPT (sunan ma'auninshi ke nan) tsukakke ne, bakinshi siriri yana ƙara kauri zuwa baya, kamar turken da ake kafawa. Duk juyin da ka ƙara buɗa ramin kake. Ka ɗaure da hannu har ya tsaya, sannan sifana juyi 1 zuwa 2, shi ke nan, in bai daina yoyo ba to matsalar ba ta ƙarfi ba ce, kwance shi ka duba. Akwai kuma wani irin tiredi, 1/8 BSP, mai kama da shi sak, amma shi haƙora 28 gare shi a inci ɗaya, NPT kuma 27. Zai shiga kamar ya yi daidai, juyi biyu uku sai ya cije, kuma wallahi sau da yawa ko ka shafa mishi wani abu sai ya yi yoyo. Ka tafi da tsohon abin da ka kwance wurin mai fayafas ku gwada a gabanka.

Kuskure na biyu shi ya fi ci mani rai. Da munka sayo sabon gida sai na naɗe tiredin da farin tef na masu gyaran famfo, na naɗa shi har baki, da yawa, wai don kar ya sake ɗiga. Yoyo ya tsaya, kowa ya ji daɗi. Bayan kwana biyu Alhaji ya kira daga hanyar Illela, mota na sheƙa ba ta ja, da iyalinshi a ciki cikin rana. Da anka kwance sai ga ɓarɓashin tef ya bi mai ya toshe injekta. Har yau in na tuna yaran nan zaune gindin icce suna jiran a jawo mota sai in ji ba daɗi.

Yanzu man liƙe tiredi nake amfani da shi, wanda anka rubuta a jikinshi cewa yana jure fetur, in shafa kaɗan, in bar haƙora biyu na farko ba komai. In dole sai tef, shima ka bar haƙora biyun nan, ka naɗa ta inda tiredi ke juyawa don kar ya warware. Mahaɗin da bakinshi ke da mazugi ko yana da roba ko washa, shi ba ya son tef ko kaɗan, ba a tiredi yake riƙe mai ba. Sabulu da sufa gulu kuma don Allah ku bar su, wurin nan firesha ta kai wajen bar 3 a ma'aunin geji.

Kafin ka taɓa komai zare fiyus ɗin famfon mai, tada mota ta mutu da kanta, cire kan batir, sa tsumma ƙarƙashi, kuma ka kori duk mai sigari daga wurin. In ka gama ka goge ya bushe ƙaƙas, ka maida fiyus da kan batir, ka murɗa makulli ba tare da ka tada ba, ka manna farar takarda a wurin ka duba ko ta jiƙe kafin ka ce ma mai mota ya tafi.