Asabar, Ranar Tankaɗe da Rairaya

Yau ban ƙara ko layi ɗaya a labarin ba, kuma da gangan na yi haka. Labarin ya kai ƙarshe tun kafin sanyin nan ya shigo: kalmomi 48,000, babi 24. Abin da ya rage shi ne aikin da mai karatu ba ya gani idan an yi shi da kyau, amma yana gani tun daga shafin farko idan an tsallake shi.

Bayan sallar asuba na ɗauko kundin taurari. Littafin rubutu ne na 'yan makaranta, kowane tauraro da shafinsa: shekarar haihuwarsa, unguwarsu, wa ya haife shi, wa yake jin kunya, me yake kiran wane. A bayan kundin akwai jadawalin lokaci, kuma shi na bi yau babi bayan babi. Labarina ya fara a Kano cikin 1997, ya ƙare a 2003, tauraruwar tela ce da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya. Shekaru shida kacal, amma tarkunan da ke cikinsu suna da yawa. Wayar salula ba ta shigo hannun jama'a a Nijeriya ba sai 2001, saboda haka duk saƙon da ke babi 12 na farko dole ya tafi ta bakin ɗan aike, ko wasiƙa, ko direban mota a tasha. Takardar naira 100 ta fito a 1999, ta 200 a 2000, ta 500 a 2001, ta 1,000 kuwa sai 2005, wato babu ita a labarin gaba ɗaya. A babin farko babbar takarda ita ce naira 50, don haka kuɗin keken ɗinki ƙunshi ne mai kauri da ake ɗaurewa a bakin zane. Abin hawanta ɗan acaɓa ne ko tasi ko hayis, domin A Daidaita Sahu bai zo ba tukuna.

Lissafin wata ya fi wannan wuya. Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Idan mijin ya rasu ana tsakar damina, ba za ta fita takaba ana shan mangwaro ba, sai dai lokacin kaka ko farkon ɗari. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kusan kwana 11, saboda haka azumin da ya faɗo cikin tsananin sanyi a farkon labari zai matso baya da wata biyu da 'yan kwanaki kafin a kai ƙarshe. Suna ranar bakwai, wankan jego har arba'in. Gero yana riga dawa nuna. Mace mai karatu tana riƙe da waɗannan a kanta ba tare da ta buɗe wani kundi ba, kuma da zarar lissafi ya karkace, ta daina yarda da marubuci, ko da ba ta ajiye littafin ba.

Da hantsi na koma karatu da murya. Na buga babi na 9 da na 10 a takarda, tazarar layi biyu-biyu, da fili mai faɗi a gefe don jan biro. Karatu a fuskar waya ba ya kama kuskure, ido yana zamewa ya cike abin da babu. Baki kuwa ba ya yafewa. Duk jimlar da numfashi ya yanke kafin a kai aya, ta yi tsawo. Duk wurin da na ji kaina ina cewa “ta ce, ya ce, ta ce” kamar mai ba da shaida a gaban alƙali, sai in cire biyu cikin uku, in bar maganar ta nuna mai ita.

Nan ne na fi daɗewa, domin hirar taurari ita ce ran ƙagaggen labari na Hausa. Matar da aka haifa a cikin birni a shekarun 1960 ba za ta kira sunan mijinta ba, “Malam” ne ko “maigidan”. Ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba. Surukarta ba za ta ce mata “ina fushi da ke” ba, za ta amsa gaisuwa ne a gajarce, ta tambayi yara ba ta tambaye ta ba, kuma mai karatu zai ji zafin fiye da a ce an rubuta shafi guda na faɗa. Abin da ke kashe hira a rubuce-rubucenmu na yanzu shi ne kowa yana faɗin duk abin da ke cikinsa, da kalmomi iri ɗaya, tsoho da yarinya, Basakkwace da Bakano. Ni ƙa'idata ita ce mai ba da labari ya tsaya a kan daidaitacciyar Hausa, taurari kuma a bar wa kowa karin harshensa, amma da awo. Kalma biyu ko uku na Sakkwatanci a bakin mai kawo mata yadi sun isa a gane shi. Idan aka cika, karatu ya zama aiki.

Sai ƙa'idojin rubutu, waɗanda nake yi a zagaye na dabam, ba na haɗa su da gyaran labari. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi amfani da wurin nema na manhajar rubutu a bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya. “Yace” da “tace” a raba su: ya ce, ta ce. “Ya na” da “su na” a haɗe su: yana, suna. “Zai” da “zan” a haɗe suke, amma za ta, za mu, za su a rabe. Gajeriyar mallaka tana manne da suna, gidansa, rigarta. Doguwa tana tsayawa ita kaɗai, gidan nasa, rigar tata. “Ne” da “ce” ba sa mannewa da kowa. “A kan tebur” dabam, “akan yi haka” dabam. Kada a danna maɓallin da ke canza duka a lokaci guda, domin “tace” na tace koko kalma ce mai zaman kanta, kuma na'ura ba ta san bambanci ba.

Haruffa masu ƙugiya su ne babbar damuwata. Kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, kare da ƙare, da da ɗa: ba ado ba ne, ma'ana ce. Yanzu babu uzuri, tunda Gboard, manhajar allon rubutu ta waya, yana da allon Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Matsalar tana zuwa ne a madaba'a. Idan samfurin haruffan da ke kwamfutar mai tsara shafi ba shi da su, sai su fito kamar ƙananan akwatuna, ko na'urar ta aro su daga wani samfuri, a ga ƙ ɗaya ta fi 'yan'uwanta kauri a tsakiyar kalma. Tsofaffin samfurori irin su Rabi'at sun yi wa Hausa aiki a zamaninsu, amma sun ɗora masu ƙugiya ne a kan wasu maɓallai, shi ya sa idan aka buɗe rubutun a wata kwamfuta ake ganin }asa da ]aya da ~arawo. Charis SIL da Gentium da Noto Serif duk suna da haruffan cikakku, kuma kyauta ne. A tsara da ɗayansu, a mayar da aikin PDF wanda ya haɗiye samfurin a cikinsa, shi za a kai wa mai bugu.

Bayan azahar na je wata madaba'a don lissafi. Dattijo ne mai wurin, ya daɗe a sana'ar. Na gaishe shi, na ce, “Baba, littafi nake so a yi mini ƙiyasi.” Ya ce, “To 'yata, shafi nawa ne?” Ba ya tambayar kalmomi, kuma da gaskiyarsa, domin takarda ake saya.

Ga yadda muka yi. Girman littafin A5 ne, wato rabin A4, milimita 148 da 210. Da haruffa masu girman 12, da hira mai yawa, shafi yana ɗaukar kalmomi wajen 260. Kalmomi 48,000 sun ba da shafi kusan 185. A ƙara shida na gaba: sunan littafi, haƙƙin mallaka, sadaukarwa, godiya da sauransu, ya zama 191. Amma injin bugu ba ya buga shafi ɗai-ɗai. Ana jera shafuka a babbar takarda, a buga gaba da baya, a naɗe, kowane naɗi shafi 16 ko 8. Saboda haka 192 ne adadin da ya dace, naɗi 12 cif. Idan rubutu ya zarce zuwa 194, an jawo ƙarin farantin bugu da ƙarin takarda saboda shafi biyu, gara a matse wani babi. A ma'aunin A4, takarda ɗaya tana ba da shafi huɗu, kowane kwafi yana cin 48. Kwafi 500 takarda 24,000 ke nan, rim 48 tunda kowane rim 500 ne, ban da wadda za ta lalace kafin tawada ta daidaita. Ya ce in sa rim biyu ko uku a kai saboda wannan.

Nauyin takarda ma magana ce. Mai giram 60 ta fi araha, amma rubutun baya yana leƙowa ta gaba. Takardar jarida ta fi kowacce sauƙin kuɗi, ita ce kuma take yin ja ta yi rauni bayan 'yan shekaru, duk mai tsofaffin littattafan soyayya na shekarun 1990 a akwati ya san wannan. Na tsaya a kan giram 70. Bango kati ne mai giram 250 ko 300, da leda a kansa. Hoton bango ya kai ɗigo 300 a kowane inci, kuma kada a tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi ya dushe. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Faɗin ƙashin bayan littafi ba a cankarsa: a ƙirga ganye 96 na ainihin takardar da za a yi aiki da ita, a danne, a auna. Namu ya tashi kusan milimita 9.

Ɗauri shi ne inda littattafanmu suke mutuwa. Ɗinkin waya a tsakiya yana riƙe siririn littafi, shafi 48 ko 64, irin waɗanda aka saba rabawa na ɗaya, na biyu, na uku. Shafi 192 ya fi ƙarfinsa. Saura gam ko zare. Idan gam ne, dole a karce gindin takardun kafin a shafa, don ya shiga tsakaninsu. Idan aka shafa a kan santsi, hunturu ɗaya ya isa ya busar da shi, ganye su fara zubowa. Ɗinkin zare sannan a bi da gam ya fi tsada, ya fi kuma daɗewa nesa ba kusa ba. Na ce ya nuna mini wani aikin da suka yi. Na buɗe tsakiya, na kama ganye ɗaya na ɗaga littafin da shi, na girgiza. Bai saki ba. A gefen ciki na shafi a bar fili santimita 2, in ba haka ba ɗauri zai cinye farkon layuka, mai karatu ya riƙa banƙare littafin har ya karye.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai alƙaluma 13, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce a kai musu kwafi uku bayan bugu. A nan Kano akwai kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i. Waɗannan sai an gama gyara.

Na san za a ce me ya kai ni wannan wahala alhali ana sayar da labari a waya, shafi-shafi, kuɗi na shigowa. Ban raina wannan hanya ba, ta buɗe wa mata da yawa ƙofa, kamar yadda gasar Hikayata ta BBC Hausa ta yi tun 2016. Amma ina son littafi da jikinsa. Da daddare na ɗauko tsohon kwafina na Ruwan Bagaja, bugun Zariya. Labarin ya fito ne daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, kuma siriri ne, ana iya gama shi tsakanin isha'i da barci. Abin da nake dubawa a cikinsa yau ba labarin ba ne, aikin hannun da aka yi masa ne: an bi shi layi-layi kafin ya isa injin bugu, shi ya sa jikoki suke karanta abin da kakanni suka karanta. Adabin Kasuwar Kano da ya taso a shekarun 1980 ya kawo mana masu karatu da ba a taɓa samun irinsu ba, matan aure da 'yanmata suna haya suna musaya, amma da yawa daga cikin littattafan ba su da edita, takardarsu kuma ba ta jure ba. Akwai waɗanda yau ko marubutansu ba su da kwafi. Wannan yana damuna ƙwarai.

Kafin in kwanta na sauke littattafan kanta na goge ƙura da busasshen tsumma. Kanta ta ɗaga daga ƙasa, ta kuma ja baya daga bango kamar faɗin tafin hannu, saboda gara da ɗanshin damina. Masu kauri a tsaye, sirara a kwance, kada rana ta riƙa dukan bangonsu. Na kwafi aikin yau a wuri uku: kwamfuta, filashi, da imel ɗina, kowanne da kwanan wata a sunan fayil.

Gobe babi na 11 da na 12, karatu da murya. Akwai wasiƙa a na 12 da ta yi tsawo, kuma ita ce za ta nuna ko littafin zai tsaya a shafi 192.