Gasar manhajar tashar jiragen ruwa da dalilin ajiye aikina

Na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, kuma tunda masu tambaya sun yi yawa, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Waɗanda suka san ofishinmu na Wuse sun san ba albashi ne ya kore ni ba. Gasar hakaton ɗin nan ce, wato gasar rubuta manhaja, ta harkar tashoshin jiragen ruwa, da abin da ya biyo bayanta.

Ba mu muka fara irin wannan gasa ba. A tashoshin Turai irin su Rotadam da Antwaf an sha tara matasa masu rubuta manhaja, a buɗe musu bayanan tasha, a ce su fito da mafita cikin kwana biyu. Mu kuwa a zauren otal aka tara mu a Abuja, inda babu ko teku, aka ba mu bayanan gwaji. Tun da aka kafa ma'aikatar harkokin teku a watan Agustan 2023, kowane mai kamfanin kwamfuta a garin nan ya zama gwanin teku. Ogana yana cikinsu.

Ni ban taɓa aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ba, amma kawuna yana shigo da tayil daga Sin zuwa kasuwar Dei-Dei, kuma na daɗe ina jin kukansa. Ba ranar isowar jirgi ke hana shi barci ba, wannan ejan ɗinsa zai faɗa masa. Kwantenar da ta koma wayam ita ce damuwarsa. Kamfanin jirgi yakan karɓi kuɗin ajiya kafin ya saki kwantena, kuma na wanda zai fita da ita wajen Legas ya fi yawa. Tirela ta taso daga tashar Apapa ko ta Tin Can, ta bi ta Ibadan, ta iso Abuja, a sauke kaya, ta juya. Tun watan Fabrairun 2021 babbar mota ba ta shiga tasha sai da izinin manhajar Eto, don haka direba na iya isa Legas ya zauna yana jiran layi ko jiran a ce masa ga inda zai sauke. Duk kwanakin nan kuɗin jinkiri, wato dimorej, yana hawa, ana cire shi daga kuɗin ajiyar. Idan ɗan kasuwa ya je neman ragowarsa sai a nuna masa lissafi, shi kuma ba shi da wata shaida da zai ce motata ta iso ranar kaza, ku kuka ƙi karɓa.

Wannan shaidar muka gina. Kafin gasar na je Tafa, a hanyar Kaduna, na zauna da direbobin tirela a wurin mai shayi, na ga yawancinsu saƙon murya suke turawa a WhatsApp, ba sa rubutu, wasu ma ƙaramar waya ce a hannunsu. Sai muka yi abu marar ado: direba ya ɗauki hoton lambar kwantena a bakin ƙofa, ko ya danna lambar tauraro irin ta tura kuɗi a banki, lokaci da wuri su shiga rajista, mai kaya ya samu saƙo da Hausa. Shi ke nan. Ni da wata abokiyar aikina da wani ɗan bautar ƙasa muka kwana a kansa har ya yi aiki.

Daren ƙarshe, bayan isha'i, oga ya iso zauren da ƙamshin turarensa. Ya duba allon ya ce, “Wannan ai abin 'yan tasha ne. Ina taswira? Ina bulokcen?” Na ce, “Yallaɓai, 'yan tashar ne za su yi amfani da shi.” Ya yi murmushi ya ce, “Malam, alƙalai ba direbobi ba ne.” Ya sa muka ɗora taswirar teku mai jirage suna tafiya, muka liƙa kalmar bulokcen, wato fasahar rajistar da ke da wuyar sauyawa bayan an shigar da bayani, a kowane shafi, muka tura aikin gaskiya can ƙasa inda sai an nema. Na tuna masa cewa kamfanin jiragen ruwa na Maersk da kamfanin kwamfuta na IBM sun ƙaddamar da TradeLens, rumbun bayanan jigilar kaya, a 2018 a kan wannan fasahar, da duk kuɗinsu da jiragensu, suka kuma sanar da rufe shi a ƙarshen 2022 saboda ba su samu haɗin kan sauran kamfanoni yadda suke buƙata ba. Idan abokan hamayya suka ja ƙafa wajen zuba bayanansu a rumbun Maersk, mu 'yan Wuse wa zai ba mu? Ya ce ba tarihi ya zo ji ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, a kan alƙalai ya fi ni gaskiya. Da safe ya hau dandamali da babbar riga, ya yi bayani da Turanci mai santsi, aka tafa, muka samu kyauta. Bai ambaci sunan ko ɗayanmu ba. A hoton da aka ɗauka shi ke riƙe da ƙaton cakin, mu muna can baya muna naɗe wayoyin caji. Kuɗin ya shiga asusun kamfani, aka ba mu na mota. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Da abokiyar aikina ta yi magana a taron safiyar Litinin, sai ya buɗe takardar ɗaukar aikinmu ya karanta mana sakin layin da ya ce duk abin da muka ƙirƙira mallakar kamfani ne. Ɗan bautar ƙasar ma ko takardar yabo bai samu ba.

Bayan haka aka shiga yawon ofisoshi da taswirar. Duk inda aka je tambaya ɗaya ce: daga ina bayananku za su fito? Babu amsa, domin jiragen da ke yawo a allon ba su haɗu da komai ba. Matsayin jirgi a teku kowa na iya gani a intanet, tunda manyan jirage suna aika siginar AIS mai nuna inda suke. Abin da ke da tsada shi ne bayanan cikin tasha da na kwastam da na kamfanonin jirage, kuma ba a ba da su don an ci gasa. Watanni suka wuce, aikin ya mutu, oga ya faɗa wa masu zuba jari cewa injiniyoyinsa ne ba su ƙware ba. Ranar da maganar ta dawo kunnena na rubuta takardar ajiye aiki.

Ga masu shirin shiga irin wannan gasa, kafin ku taɓa kwamfuta ku rubuta sunan wa zai fito, kyauta ta wa ce, kowa ya sa hannu. Ku karanta takardar aikinku har ƙarshe. Ku tambayi masu shirya gasa ko bayanan na gaske ne, da kuma wanda zai ci gaba da ba ku su bayan an tashi. 'Yan Arewa kuma mu daina kwaikwayon matsalar Rotadam: tashar tudu ta Kaduna, wato tashar sauke kwantena a nesa da teku, tana nan tun 2018, ta Dala a Kano tun 2023, Heipang ta Jos tana cikin wuraren da aka ware tun 2006, kuma a zauren nan ban ji ƙungiya ko ɗaya ta ambace su ba.

Makon jiya oga ya kira ni, murya a sanyaye, yana cewa wani mai zuba jari ya ga ɓangaren direbobin ya nuna sha'awa, ko zan turo masa lambobin mutanen da na yi hira da su. Na gaishe shi da kyau, na tambayi iyali. Sannan na ce masa manhajar dai ta kamfani ce kamar yadda ya karanta mana, amma direbobin ba sa cikin takardar. Suna nan Tafa, hanyar Kaduna, ya je da kansa.