Kafin ku ɗaga guduma kan guntun bangon matattakala

Ƙannena masu gyaran gidajenku na farko, na san abin da ke jan hankalinku: hotunan matattakala da aka cire mata guntun bango, aka ja siraran wayoyin ƙarfe daga turke zuwa turke, haske na ratsawa, falo ya yi kamar an ƙara masa faɗi. Aikin yana da kyau, ni ma na yi shi a gidana kuma ina jin daɗinsa. Sai dai na fara shi ta baya. Hankalina duk yana kan waya, alhali ita ce ta ƙarshe kuma mafi sauƙi. Bangon da kuke gani kamar ya tare wuri kawai, ayyuka yake yi a ɓoye, kuma duk aikin da yake yi sai kun samo abin da zai gaje shi kafin ku taɓa shi.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Na rushe bangon tun kayan ba su iso ba, matattakalar ta zauna gefenta a buɗe, ga yara a gida. Ban yi barci mai daɗi ba sai da na kafa katako na wucin gadi. Ku tara komai a hannu tukuna: turaku, waya, notuna, abin dafawa na sama. Ranar da bango ya faɗi, ranar ce ya kamata wani makari, wato shingen da ke hana faɗowa, ya tsaya a gurbinsa.

Sannan ku binciki cikinsa. Guntun bango sau da yawa yana ɗauke da wayar lantarki ta makunni ko soket. Nawa yana da ita, ban duba ba, Allah ne ya kiyaye. Ku kashe wuta daga babban makunni, ku kira mai wayarin ya sauya mata hanya. Idan kuma akwai ginshiƙi da ya tashi daga bangon ya kai rufi, kada ku taɓa sai injiniya ya gani, domin yana iya kasancewa shi ke riƙe da nauyin sama. A ƙarƙashin bangon ma kada ku sa ran tarar da daɓe mai kyau: tayil ko katako a gefensa suka tsaya, bakin kowane taki a gutsure yake, kuma gyaran wannan tabon ya fi rushewar cin lokaci.

Inda na fi shan wahala shi ne turaku, kuma nan nake so ku fi natsuwa. Waya ba ta hana faɗuwa sai an ja ta ta yi tauri, kuma jan da ake yi wa kowace ɗaya yakan kai kilo 100 ko kusa da haka. Ku lissafa wayoyi 10 ko 11 a jere, duk suna jan turke ɗaya zuwa ciki, za ku ga abin ya tasam ma tan guda, dare da rana, shekara da shekaru. Ni kuwa sai na ɗaure turken ƙarshe da sukurori a saman daɓen katako kawai. Ina ɗaure wayoyi yana sunkuyowa, waɗanda na riga na ja suna saki, ina ƙara ja yana ƙara sunkuyowa. Dole na kwance komai, na buɗe daɓen, na cusa katakai masu kauri tsakanin gumaguman da ke ɗauke da daɓen ta ƙasa, na ratsa turken da dogayen ƙusoshi masu noti. Idan matattakalarku ta kankare ce, ƙusoshin su shiga cikin kankaren sosai, nesa da baki, kada filasta ko tayil su ruɗe ku. Sandar sama ma ba ado ba ce, ita ke tokare turaku biyu kada su rusuna wa juna, don haka ta zama mai ƙarfi, haɗinta kuma ya kama.

Sai tazara. Ƙa'idar gina gidajen zama da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce kada a bar ramin da ƙwallo mai faɗin inci 4 zai wuce; a Ingila milimita 100 ne. An yi wannan awon ne saboda kan ƙaramin yaro. Na karanta haka, na huda ramukana a kan inci 4 cif, na manta cewa waya tana buɗewa idan an tura ta. Shi ya sa masu sana'ar ke barin kamar inci 3 tsakanin waya da waya, su kuma sa turken tsakiya ko siririn ƙarfe mai ramuka duk bayan ƙafa 4 ko ƙasa da haka. Turken da aka huda ba daidai ba ya tashi aiki, sabo na saya. Wannan ƙa'idar ta Amurka ta kuma ce tsayin makari a saman bene kada ya gaza inci 36, abin dafawa a kan matattakala ya kasance tsakanin inci 34 da 38, kuma saman makarin ya jure turi na kimanin kilo 90. Ku nemi dokar inda kuke kafin ku sayi ko noti ɗaya.

Wayar da aka fi amfani da ita ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce, lamba 316, mai kaurin kusan milimita 3. Ku yanke ta da almakashinta na musamman, zarto yana warware mata baki. Ramukan turakun matattakala su bi gangaren matattakalar, in ba haka ba waya za ta lanƙwashe a bakin rami tana cin turken. Wajen ɗauri ku fara daga ta tsakiya, ku riƙa yin sama da ƙasa bi da bi, kaɗan-kaɗan. Bayan 'yan makonni ku dawo da sifana, domin za ta ɗan saki.

Akwai maganar da ban so ji ba a lokacin, amma gaskiya ce: wayoyi a kwance tsani ne ga yaro mai koyon hawa. Jagorar gini ta Ingila ta ce a gidan da yara 'yan ƙasa da shekara 5 za su zauna, makari kada ya zama mai sauƙin hawa. Da na yi wannan tunanin da wuri, da tsaye na ja wayoyin a saman bene, inda faɗuwa ta fi muni. Idan kuna da ƙanana, ko kuna sa ransu, ku ja wayoyin a tsaye, ko ku rufe su ta ciki da shimfiɗaɗɗen allo mai garai-garai har yaran su yi wayo.